Gobarar Aisin: Yadda Ƙarfin Babban Kamfani Ke Buɗe Bakin Ƙarami Ko Ya Rufe Shi

Da asubahin Asabar, 1 ga Fabrairun 1997, ƙarfe huɗu ta ɗan gota, wuta ta tashi a wata masana'antar kamfanin Aisin Seiki da ke garin Kariya, a lardin Aichi na ƙasar Japan. Kafin hantsi ta lashe ginin, ta haɗa da injina fiye da 500 da ke cikinsa. Gini da injina ana iya sake su. Abin da ya ɗaga hankalin kowa shi ne ɗan ƙarfen da ake ƙerawa a wurin, wani bawul da bai fi kwalin sigari girma ba, kuɗinsa kuma 'yan daloli ne. Aikinsa shi ne daidaita ƙarfin man birkin da ke zuwa tayoyin baya, don kada direba ya taka birki da ƙarfi tayoyin su ƙulle, mota ta juya da shi a kan titi. Duk wanda ya taɓa shiga Hiace ko Corolla ta wancan zamani, ransa ya rataya a kan wannan ɗan ƙarfe ba tare da ya sani ba.

Kashi 99 cikin 100 na irin wannan bawul da Toyota ke sa wa motocinsa daga wannan masana'anta ɗaya suke fitowa, wadda ke ƙera wajen guda 32,500 a kullum. Toyota kuwa, bisa tsarin da ya yi suna da shi, ba ya jibge kaya a sito. Ana kawo masa abin da yake buƙata ne a lokacin da yake buƙatarsa, don haka abin da ya rage a hannu da wanda ke kan hanya bai wuce na kwana biyu ba. Ga shi gobarar ta zo a mummunan lokaci. Gwamnatin Japan za ta ƙara harajin sayayya daga kashi 3 zuwa kashi 5 a watan Afrilu, mutane na rububin sayen mota kafin ƙarin, masana'antun Toyota na aiki ba dare ba rana, suna fitar da mota fiye da 15,000 a kullum. Masu lura da harkar suka ce sai an yi makonni, wasu suka ce watanni, kafin kamfanin ya miƙe.

Ranar Talata, 4 ga wata, kusan duka layukan haɗa motar Toyota sun tsaya cik. Ranar Alhamis masana'antu biyu suka koma aiki. Ranar Juma'a sauran suka bi. Zuwa Litinin, 10 ga wata, kwana tara da gobarar, mota tsakanin 13,000 da 14,000 ke fita a rana. An yi asarar motoci kusan 70,000 da ba a ƙera ba, asara ce babba, amma ba ta kai ko kusa da abin da aka yi tsammani ba, kuma an cike mafi yawan gurbin daga baya da aikin ƙarin lokaci.

An sha ba da wannan labari a matsayin labarin ƙwazo da haɗin kai. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a cikinsa wani abu ne da aka yi ranar Lahadi, washegarin gobarar, wanda a ido ba shi da wani armashi: Aisin ya ɗauki zanen bawul ɗinsa, da bayanin awo da yadda ake huda shi, ya shiga aika wa kamfanoni ta faks.

Zanen da ya fita daga gida

Wanda bai san harkar ƙere-ƙere ba zai ga wannan ba komai ba ne. A wajen kamfanin da ke ƙera sassan mota, zane da dabarun aiki su ne jarin gaske. Injin kowa na iya saye. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne sanin da aka tara cikin shekaru: wane irin bakin huda ke jure wannan ƙarfe, da wane sauri za a juya shi, a ina aibu ya fi ɓuya. Wannan sani ne ke hana babban mai saye ya ce maka gobe ya samu wanda zai yi masa a araha. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ƙaramin kamfani ya fi kowa riƙe wannan magana, domin sirrin sana'arsa shi ne kaɗai garkuwarsa a gaban wanda ya fi shi ƙarfi.

Aisin ya miƙa wannan garkuwa ga duk wanda ya ce zai taimaka. Kamfanoni 62 ne suka karɓi aikin ƙera bawul ɗin. A cikinsu akwai ƙananan da ke yi wa Aisin kansa aiki, akwai manya irin su Denso da Kayaba da Taiho Kogyo, waɗanda a wasu kayan abokan hamayyarsa ne, akwai Toyota da kansa, akwai ma waɗanda ba su taɓa ƙera wani abu na birki ba. Idan aka haɗa da masu ƙera injina da masu nemo kayan aiki, kamfanonin da suka sa hannu sun haura 200. Ba a zauna an yi cinikin nawa za a biya kowa ba. Ba a rubuta yarjejeniyar wanda zai mallaki dabarar da aka gano a cikin aikin ba. Aka fara aiki kawai.

Aikin kuwa ba mai sauƙi ba ne. Bawul ɗin ya kasu fiye da iri 100, kowanne da ramukansa masu tsananin awo, kuskure kaɗan zai iya zama ajalin wani. Injinan da Aisin ya ƙera musamman don wannan aiki sun ƙone. Sauran kamfanonin sai dai su yi amfani da injinan da suke da su, waɗanda ba don wannan aka yi su ba. Zanen faks ma wani lokaci ba ya fita sosai, kuma akwai abubuwa da yawa da ma'aikatan Aisin suka sani a hannu waɗanda ba su taɓa hawa takarda ba. Sai kowa ya shiga gwaji. A nan ne abu na biyu ya faru, wanda a ganina ya fi na farkon ma muhimmanci: duk wanda ya gano mafita, sai ya faɗa wa saura. Injiniyoyin Denso sun warware matsalolin huda da injinan gama-gari, suka bayyana yadda suka yi a tarukan da Aisin ke kira. Denso ya ma tura wani ɓangare na aikinsa na yau da kullum ga wasu, don ya samu injinan da zai ware wa bawul. Kayaba ya raba nasa kason ga ƙananan kamfanoni uku da ke ƙarƙashinsa, ya tura musu injiniyoyi. Wani ƙaramin kamfani mai suna Koritsu Sangyo, wanda ke yi wa Aisin aiki, shi ya riga manyan kawo bawul ɗin farko da ya ci jarrabawa. Kamfanin Brother, mai kekunan ɗinki, ya kashe awannin aiki wajen 500 yana gyara injin guda don ya riƙa fitar da bawul 40 kacal a rana. Arba'in a cikin dubu talatin da biyu ɗigo ne, amma an karɓa, kuma kowane guda sai da ya bi ta hannun masu binciken Aisin kafin ya shiga mota.

Bayan ƙura ta lafa, Aisin ya biya kowa abin da ya kashe. Toyota kuma ya raba wa kamfanonin da ke kawo masa kaya tukuici daidai da kashi 1 cikin 100 na cinikin da suka yi da shi daga Janairu zuwa Maris, kimanin dala miliyan 100. Manyan cikinsu da dama suka gangara da kuɗin ga ƙananan da ke ƙarƙashinsu. Aisin bai rasa kwangilarsa ba. Babu wanda ya yi amfani da zanen da aka ba shi ya ƙwace masa kasuwa.

Tsoro ne ko amana?

Kada a ɗauka Toyota wani ubangida ne mai sanyin hali. Ƙarfinsa a kan waɗannan kamfanoni ya kai inda ƙarfi ke kaiwa. A lokacin yana da hannun jari wajen kashi 20 cikin 100 a Aisin. Denso daga jikinsa aka cire shi a 1949. Da yawa daga cikin ƙananan, in Toyota ya daina saye, rufewa za su yi. Kuma kowa ya san cewa wanda ya naɗe hannu a irin wannan rana, za a tuna da shi lokacin rabon kwangilar sabuwar mota. Ban da haka, tsayawar Toyota tsayawarsu ce, domin wanda ke ƙera kujera ko fitila ba shi da inda zai kai su in babu birki. Saboda haka akwai tsoro a ciki, akwai kuma son kai. Toshihiro Nishiguchi da Alexandre Beaudet, masu binciken da suka bi diddigin lamarin suka wallafa a 1998, ba su ɓoye wannan ba.

Amma tsoro yana da iyakar abin da yake iya sayowa. Zai sa mutum ya zo aiki da tsakar dare, zai sa ya ba da aron injinsa. Ba zai sa injiniya ya tashi a gaban abokan hamayyarsa ya ce, ga inda muka yi kuskure jiya, ga yadda muka gyara ba. Mai tsoro ɓoye kuskurensa yake yi, ya kuma ɓoye dabararsa, domin dukansu biyu ana iya dukansa da su. Wannan buɗe ciki da aka gani a makon gobara ɗabi'a ce da aka shekara ashirin zuwa talatin ana koyar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Asalin abin talauci ne. A 1950 Toyota ya kusa durƙushewa, aka sallami ma'aikata, wanda ya kafa shi, Kiichiro Toyoda, ya sauka daga shugabanci. Kamfanin ba shi da kuɗin da zai ƙera komai da kansa kamar yadda manyan kamfanonin Amurka ke yi, dole ya dogara da na waje, har ya zama wajen kashi 70 cikin 100 na darajar motarsa daga hannun wasu yake zuwa. Wanda ke cikin wannan hali, ingancin motarsa ba zai wuce ingancin mafi raunin masu kawo masa kaya ba. Tun 1943 akwai ƙungiyar masu kawo masa kaya da ake kira kyohokai. A shekarun 1960 aka kafa wani sashe na ƙwararru a ƙarƙashin jagorancin Taiichi Ohno, wanda ake dangantawa da tsarin ƙere-ƙeren Toyota, ana tura su masana'antun masu kawo kaya su zauna makonni ko watanni suna gyara aiki tare da ma'aikatan wurin, kyauta. Daga 1977 aka fito da abin da suke kira jishuken: a haɗa kamfanoni biyar zuwa bakwai masu aiki iri ɗaya amma ba masu gasa kai tsaye ba, su tare a masana'antar ɗayansu na wasu watanni suna tono matsalolinta, sannan su koma ta na gaba, har zagaye ya cika.

Ƙa'idoji biyu ne suka riƙe wannan tsari, kuma dukansu sai mai ƙarfi ne zai iya kafa su. Ta farko, wanda ya ci moriyar koyarwa dole ya buɗe ƙofar masana'antarsa ga saura. Ba a yarda ka kwashi na mutane ka rufe naka ba, kuma Toyota ya fara da kansa, ya buɗe nasa masana'antun. Ta biyu ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Idan ƙwararrun Toyota suka taimaka maka ka rage tsadar aikinka, ba a zuwa washegari a ce ka rage farashi daidai da abin da ka samu. Ribar farko taka ce. Toyota na neman ragi, kuma yana nemansa a kai a kai ba sassauci, amma bisa ma'aunin da aka sani tun farko, ba bisa abin da ya leƙo a cikin littafinka ba. Da wannan ne mai ƙaramin kamfani ya gane cewa in ya nuna inda yake ɓarna, ba wuƙar yanka shi ya miƙa ba.

Abin da Detroit ta yi da irin wannan ƙarfi

Don a ga nauyin wannan ƙa'ida ta biyu, sai a dubi abin da ya faru a Amurka shekara biyar kafin gobarar. General Motors, wanda a lokacin ya fi kowane kamfanin mota girma a duniya, ya yi asarar dala biliyan 4.5 a 1991, ya sanar da rufe masana'antu 21 da rage ma'aikata 74,000. A 1992 sabon jagoransa Jack Smith ya ɗauko wani ɗan yankin Basque na ƙasar Sifaniya, José Ignacio López de Arriortúa, wanda ya yi suna wajen matse masu kawo kaya a reshen kamfanin na Turai, ya damƙa masa sayayyar kamfanin gaba ɗaya.

López mutum ne mai himma, kuma ɓarnar da ya ce akwai a harkar gaskiya ce. Sai dai hanyarsa. Ya warware kwangilolin da aka riga aka sa wa hannu, ya sake buɗe su ga masu tayi, ya nemi ragin da a wasu wurare ya kai kashi 20 cikin 100. Shi ma yana da tawagogin ƙwararru da yake turawa masana'antun masu kawo kaya, a ido kamar na Toyota. Amma nasa kwanaki kaɗan suke yi, su lissafa abin da suka ce za a iya ragewa, nan take a zare shi daga farashi. Mafi muni, kamfanoni da dama sun yi zargin cewa ana ɗaukar zanen da suka kashe kuɗinsu da shekarunsu suka ƙirƙira, a nuna wa abokan hamayyarsu a ce nawa za ku yi mana wannan. An ce ya rage wa kamfanin kashe kuɗin da ya kai dala biliyan 4, kuma a Detroit, cibiyar kamfanonin motar Amurka, an yaba masa ƙwarai.

Bai cika shekara a kujerar ba. A watan Maris na 1993 ya koma Volkswagen da wasu mutanensa, General Motors ya zarge shi da tafiya da takardun sirri, ciki har da jerin farashin sassa da tsarin wata sabuwar masana'anta. Shari'ar ta ja har Janairun 1997, makonni uku kafin wutar Kariya, lokacin da Volkswagen ya amince ya biya dala miliyan 100 ya kuma sayi kayan dala biliyan 1 daga General Motors. Zafin da babban kamfanin ya ji da aka taɓa sirrinsa, shi ne zafin da ƙananan suka ce sun ji a hannunsa.

Abin da López ya bari ya fi shi daɗewa. Masu kawo kaya ba su yi bore ba, ba su da ƙarfin yi. Sun yi abin da mara ƙarfi ke yi: sun ja bakinsu. Sabuwar dabara in ta samu, sai a fara kai ta wajen Honda ko Toyota ko Chrysler. Ƙwararrun injiniyoyi a tura su aikin wanda ba zai ci amana ba. In mutanen General Motors sun zo ziyara, a nuna musu abin da ake so su gani. Babu ɗaya daga cikin wannan da ke fitowa a lissafin ribar wata uku, shi ya sa mai matsewa kan daɗe yana ganin kamar yana cin nasara. Da aka fara auna ra'ayin masu kawo kaya a Amurka duk shekara daga 2002, Toyota da Honda ke sama, General Motors kuwa ya yi shekaru yana can ƙasa. Ba zan ce wannan ne ya kai shi ga fatarar 2009 ba, domin akwai nauyin fansho da kuɗin lafiyar ma'aikata da rikicin tattalin arzikin 2008. Amma ya shiga wannan guguwa ne da abokan hulɗar da suka daɗe da daina gaya masa gaskiya.

Akwai masu cewa abin na Toyota al'adar Japanawa ce, ba za ta yi a wani wuri ba. Hujja ba ta goyi bayansu ba. Toyota ya buɗe masana'antarsa a Georgetown ta jihar Kentucky a 1988, ya kafa ƙungiyar masu kawo masa kaya na Amurka a 1989, ya buɗe cibiyar koyar da su a 1992 a ƙarƙashin Hajime Ohba. Jeffrey Dyer da Nile Hatch sun bincika masana'antun Amurka da ke yi wa Toyota kaya suna kuma yi wa manyan kamfanonin Detroit irinsu. Daga 1990 zuwa 1996, kayan da ke fita da aibu sun ragu da kashi 50 cikin 100 a layin Toyota, amma da kashi 26 kawai a layin babban mai sayensu na Amurka. Gini ɗaya, ma'aikata Amurkawa, shugabanni ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne halin mai saye. Har ma suka gano cewa ilimin da aka koya a layin Toyota ba ya iya tsallakawa zuwa layin da ke kusa da shi cikin sauƙi, saboda ɗaya mai sayen yana canza odarsa ba zato, yana kuma tilasta nasa tsarin ɗaurin kaya da jigila. Ilimin ya zauna ne a inda dangantakar ta ba shi wurin zama.

Chrysler ma, kamfanin Amurka tsantsa, ya gwada a ƙarƙashin Thomas Stallkamp. Ya roƙi masu kawo kaya su kawo shawarar rage ɓarna, a raba amfanin da su. Zuwa ƙarshen 1995 an yi aiki da shawarwari fiye da 5,000. Bayan haɗewa da kamfanin Daimler na Jamus a 1998 Stallkamp ya tafi, a ƙarshen 2000 sabbin shugabanni suka ba da umarnin ragin kashi 5 cikin 100 a kan kowa, amanar da aka shekara goma ana ginawa ta rushe cikin ɗan lokaci.

Inda hasken bai kai ba

Zai zama rashin adalci in tsaya a nan, kamar Toyota ya gama warware matsalar. Wannan kyakkyawar mu'amala ta fi ƙarfi ne tsakaninsa da manyan da ke kusa da shi. Can ƙasan sarƙar, inda ƙananan bita-bita masu ma'aikata goma ko ashirin suke, labarin ya sha bamban. Tun 1956 Japan ta kafa dokar kare 'yan ƙaramar kwangila daga jinkirin biya da zaluncin manya, kuma ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa. A 1977 wata 'yar majalisa, Michiko Tanaka, ta tayar da maganar a gaban Firaminista Takeo Fukuda, tana cewa tsarin kawo kaya a kan lokaci na Toyota yana tura nauyin ajiya da fargaba ne kan ƙanana. Siton da babba ya ce ba ya buƙata, sau da yawa yana nan, a gidan ƙarami yake. Ko a 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Japan ta tsawata wa wani reshen Toyota saboda ya bar ƙananan kamfanoni kusan 50 suna ajiye masa mazuban ƙera kaya ba tare da biyansu kuɗin ajiya ba.

Shi kansa Toyota ya sha matsa igiyar fiye da kima. A 2000 ya ƙaddamar da shirin rage kashi 30 cikin 100 na tsadar manyan sassa wajen 170, a daidai lokacin da yake faɗaɗa a duniya da gudu. A 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, kuma a Fabrairun 2010 shugabansa Akio Toyoda ya amsa a gaban majalisar dokokin Amurka cewa saurin girman kamfanin ya yi yawa har abubuwan da ya kamata a fifita suka rikice.

Lamarin da ya fi ba ni tsoro shi ne na Daihatsu, domin shi ne kishiyar makon gobara. Daihatsu na ƙera ƙananan motoci, da yawa ana sayar da su da tambarin Toyota, kuma tun 2016 Toyota ya mallake shi gaba ɗaya. A 2011 ya fitar da wata ƙaramar mota cikin gajeren lokacin da ya burge kowa, sai wannan gaggawa ta zama ma'auni ga duk motar da ta biyo baya. Jadawalin ya matse har ya zama gwajin karo dole a ci shi a zubin farko, babu ranar da aka ware don faɗuwa da gyara. Ma'aikatan sashen gwaji suka ga babu fuskar zuwa wajen na sama a ce ba zai yiwu ba. Sai suka shiga gyara sakamako. Wani daga ciki ne ya fallasa a 2023. Kwamitin bincike mai zaman kansa ya ba da rahoto a watan Disamba na shekarar: an samu maguɗi 174 da ya shafi nau'in mota 64, mafi tsufansa tun 1989, amma ya yawaita ne daga 2014. Kwamitin ya ɗora laifin a kan shugabannin da suka matsa lamba ba tare da sun san halin da masu aikin ke ciki ba.

A Kariya, injiniya ya tashi a gaban abokin hamayya ya faɗi kuskurensa na jiya. A Daihatsu, a cikin gida ɗaya, ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya, injiniya ya kasa faɗa wa shugabansa cewa lokaci bai isa ba. Ƙarfin Toyota bai ragu ba tsakanin 1997 da 2023, ƙaruwa ma ya yi. Abin da ya ɓace a wannan lungu na gidan shi ne tabbacin cewa mai kawo mummunan labari zai koma kujerarsa lafiya.

Daihatsu ya dakatar da fitar da motocinsa duka, masana'antunsa huɗu na Japan suka tsaya daga ƙarshen Disamba, ba su fara komawa aiki ba sai a Fabrairun 2024. Akio Toyoda ya fito ya ba da haƙuri a ƙarshen Janairu, aka kuma turo sabon shugaba daga Toyota. Kamfanoni 423 ne ke kawo wa Daihatsu kaya kai tsaye a Japan, kuma ya yi alkawarin biyan su diyyar zaman da suka yi. A bayan waɗannan akwai dubban ƙanana da ke yi musu aiki, waɗanda ba su ga jadawalin ba, ba su shiga ɗakin gwajin ba, suka wayi gari injinansu a kashe suna jiran abin da zai gangaro musu daga sama.